Sabon jini ko tsohon hannu: cinikin da ke raba kan masu ƙwallon kwando a Amurka

A watan Yunin 2025 Oklahoma City Thunder da Indiana Pacers suka kara a wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma sai da aka kai karawa ta bakwai kafin Oklahoma ta ɗaga kofi. Jagoran Oklahoma shi ne Shai Gilgeous-Alexander, ɗan Kanada, na Indiana kuwa Tyrese Haliburton. Kowannensu a wata ƙungiyar ya fara wasa, kuma kowannensu an sallame shi bai wuce shekara 21 ba domin a karɓo wanda ya riga ya yi suna. Wani abin mamaki ma, asalin cinikin biyu mutum ɗaya ne, Paul George. A 2017 Indiana ta ba Oklahoma shi, ta karɓi Victor Oladipo da Domantas Sabonis. A 2019 Oklahoma ta miƙa shi ga Los Angeles Clippers ta karɓi Shai. A 2022 Indiana ta ba Sacramento Sabonis ta karɓi Haliburton. George kansa, har lokacin da ake wannan wasa, bai taɓa taka filin wasan ƙarshe ba.

Tun daga ranar masu cewa kada a taɓa rabuwa da yaro mai tasowa suka samu abin faɗa. Ina ganin sun yi saurin yanke hukunci, amma kafin a kai nan sai an fahimci yadda kasuwar take, domin ba irin ta ƙwallon ƙafa ba ce da muka saba ji a gidajen kallo. A NBA ba a zuba kuɗi a sayi ɗan wasa daga wata ƙungiya. Musaya ake yi: mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓe. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 suna zaɓar sababbin 'yan wasa zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke da damar zaɓa da wuri. Wannan gurbi dukiya ne, ana iya bayar da na shekaru masu zuwa har bakwai gaba. Sannan akwai iyakar albashi, wadda a kakar 2024-25 ta kai kusan dala miliyan 141 ga kowace ƙungiya. Yaron da aka zaɓa na ɗaya a waccan shekara kimanin dala miliyan 12 yake ɗauka, alhali Stephen Curry yana ɗaukar sama da miliyan 55. Kwantiragin farko na wanda aka zaɓa a zagayen farko shekara huɗu ne a kan farashin da aka ƙayyade. Saboda haka yaro mai kyau riba biyu ne: yana wasa, kuma yana barin kuɗin da za a ɗauko wasu.

To me zai sa mai hankali ya rabu da irin wannan? Mutum biyar kawai kowane ɓangare ke sawa a fili, kuma gwani ɗaya yana iya buga minti 40 cikin 48, ƙwallo tana bi ta hannunsa kusan kowane hari. Babu wani wasan ƙungiya da mutum ɗaya ke juya shi kamar wannan. Irin waɗannan gwanaye ba su da yawa, kuma ganiyarsu ba ta daɗewa. Ƙungiyar da Allah ya ba ɗaya daga cikinsu, duk kakar da ta wuce ba kofi asara ce da ba ta dawowa.

Cleveland a 2014 ita ce misalin da ya fi fito da wannan. LeBron James ya dawo gida daga Miami a watan Yuli yana da shekara 29. Makonni kaɗan kafin nan ƙungiyar ta zaɓi Andrew Wiggins na ɗaya, ɗan shekara 19, wanda aka daɗe ana yi wa kirari tun yana sakandare. Kafin ya buga mata wasan gasa ko ɗaya, a watan Agusta, ta haɗa shi da Anthony Bennett ta tura Minnesota, ta karɓi Kevin Love, wanda a kakar da ta gabata yake zuba maki 26 a kowane wasa. An yi ta surutu. Surutun ya ƙaru da aka ga Love a Cleveland ya koma maki 16, ya kuma goce kafaɗa a zagayen farko na wasannin fidda gwani na 2015, yayin da Wiggins ya lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. Amma a 2016 Cleveland ta farfaɗo bayan Golden State ta ci uku ita kuwa ta ci ɗaya, ta lashe kofi, na farko da birnin ya gani a manyan wasanni tun 1964. A karawa ta bakwai Love maki 9 kawai ya ci, sai dai ya cafko ƙwallo 14 daga jikin kwando, kuma a minti na ƙarshe shi ne ya tsaya gaban Curry ya hana shi jefawa cikin natsuwa. Wiggins kuwa, duk zamansa a Minnesota sau ɗaya suka shiga wasannin fidda gwani. Sai da ya koma Golden State a 2020, inda ba shi ake jira ya ɗauki nauyin ƙungiya ba, sannan ya zama abin da ake so, ya ci kofi a 2022 yana da shekara 27. A lokacin LeBron ya bar Cleveland da shekara huɗu. Da an jira Wiggins ya nuna, da LeBron ya ƙare ganiyarsa yana renon yaro.

Boston ma haka ta yi a 2007. Manajanta Danny Ainge ya ba da gurbi na biyar ya karɓo Ray Allen, sannan ya kwashi Al Jefferson da wasu 'yan wasa huɗu da gurabe biyu ya ba Minnesota domin Kevin Garnett. Ƙungiyar da ta ci wasa 24 ta koma ta ci 66, ta ɗauki kofin 2008. Lakers ta maimaita a 2019 da Brandon Ingram da Lonzo Ball da Josh Hart da gurabe uku domin Anthony Davis, kofi ya zo a 2020.

Akwai kuma wata gaskiya da magoya baya ba sa son ji: yawancin yaran da ake kurantawa ba sa zama komai. Mai goyon bayan ƙungiya yakan ga ɗan shekara 19 ya yi tsalle ya danna ƙwallo a kwando sau biyu, sai ya fara lissafa masa kofuna. Wancan Bennett da aka haɗa da Wiggins shi ma na ɗaya aka zaɓe shi a 2013, cikin kaka huɗu ya fice daga gasar. Markelle Fultz, na ɗaya a 2017, ciwon kafaɗa ya lalata masa jifa. Greg Oden, wanda Portland ta fifita a kan Kevin Durant a 2007, gwiwa ta hana shi sakat. Golden State ta zaɓi James Wiseman na biyu a 2020, ta ƙi sayar da shi lokacin da yake da daraja, tana cewa za ta ci da tsofaffi ta kuma reni yara a lokaci guda. Ta ci kofin 2022 ba tare da ya buga ko wasa ɗaya ba, ta rabu da shi a 2023 a kan farashin da bai kai rabin na da ba. Darajar yaro takan fi tsada kafin a gan shi sosai a fili. Masu wannan ra'ayi sun riƙe maganar nan ta ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a lissafi ba su yi ƙarya ba.

Ɗaya ɓangaren kuma da sunan Kobe Bryant suke fara buɗe baki. A 1996 Charlotte ta zaɓe shi na 13 yana da shekara 17, ta ba Lakers ta karɓi Vlade Divac. Kobe ya yi kaka 20 a Lakers ya ci kofi biyar. Ni dai ban ɗauki wannan hujja da nauyi ba. Charlotte ba ta zaɓi Kobe don kanta ba, yarjejeniyar an ƙulla ta tun kafin zaɓen, Jerry West na Lakers ne ya ga abin da wasu ba su gani ba, kuma ƙungiyoyi 12 sun riga sun tsallake yaron. Divac ma bai ci amanar kowa ba, Charlotte ta ci wasa 54 a kakarsa ta farko. Irin wannan ba darasi ba ne, ƙaddara ce.

Darasin yana Brooklyn. A 2013 mai ƙungiyar, attajirin Rasha Mikhail Prokhorov, yana gaggawar kofi. Sai Brooklyn ta karɓi Garnett da Paul Pierce da Jason Terry daga Boston, ta ba da gurabenta na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanya gurbi a 2017. Lura da cewa Garnett ɗin nan dai shi ne wanda Boston ta saya a 2007, kuma Ainge ɗin nan dai shi ne mai sayarwa. Bambancin shi ne a 2007 shekarunsa 31, a 2013 kuwa 37, Pierce 35. Brooklyn zagaye ɗaya tak ta tsallake a wasannin fidda gwani. Pierce ya tafi bayan kaka ɗaya, Garnett ya bi baya a farkon 2015. Ƙungiyar ta rushe, ta ci wasa 21 a wata kaka, 20 a ta gaba, kuma ladan shan kashin, wato zaɓe da wuri, Boston ke karɓa. Da gurbin 2016 ta ɗauki Jaylen Brown. Gurbin 2017 ya faɗo na ɗaya, Ainge ya ba Philadelphia ta ɗauki Fultz, shi ya sauko na uku ya ɗauki Jayson Tatum. Waɗannan biyu ne suka kawo wa Boston kofi na 18 a 2024.

Abin lura a nan, Brooklyn ba ta ba da wani yaro da ta sani ba. Shekarun da ba ta sani ba ta bayar. Lokacin da take sa hannu tana ganin gurabenta can ƙasa za su faɗo tunda za ta riƙa cin wasa, ba ta yi tunanin ranar da tsofaffin za su gaji ba. Tsarin gasar an gina shi ne yadda wanda ya faɗi zai samu abin tashi, wanda ya sayar da gurabensa ba tare da sharaɗi ba ya cire wa kansa wannan. Hukumar NBA ta san haɗarin tun da daɗewa. A farkon shekarun 1980 mai Cleveland, Ted Stepien, ya yi ta rabon gurabe har aka kafa doka da ake kira da sunansa, wadda ta hana ƙungiya zama ba gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Manajoji suka samo hanyar zagaye ta: a ba da na bana, a tsallake baɗi amma a ba da damar musanya, haka har shekara bakwai. Phoenix ta bi wannan hanya a 2023, ta ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da gurabe huɗu domin Durant mai shekara 34. Bayan shekara biyu ta kasa shiga wasannin fidda gwani, Durant ya wuce Houston.

Sai batun Clippers, wanda yanzu kowa ke yi wa dariya. A ganina ba a yi musu adalci gaba ɗaya. A watan Yulin 2019 Kawhi Leonard ya fito daga cin kofi da Toronto, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, kwantiraginsa ya ƙare, kuma zuwansa Clippers ya rataya ne a kan a kawo masa George. Ke nan da kaya ɗaya suka sayi gwanaye biyu, ɗaya mai shekara 28, ɗaya 29. Shai kuwa a lokacin yaro ne da aka zaɓa na 11, mai maki kusan 11 a wasa. Babu manajan da zai rantse a ranar cewa wannan siririn yaro zai zama gwarzon gasar baki ɗaya a 2025 da maki sama da 32. Kuma a 2021 Clippers ta kai wasan ƙarshe na yankin Yamma, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta. Inda suka yi ganganci shi ne abin da suka ɗora a kan yaron: Danilo Gallinari, gurabe biyar, da damar musanya biyu. Sam Presti na Oklahoma ya san sun matsu, ya tatse su. Kawhi ya ji ciwo a gwiwa, bai buga kakar 2021-22 ba ko sau ɗaya, Clippers ta kasa shiga wasannin fidda gwani, gurbinta ya faɗo na 12, Oklahoma ta ɗauki Jalen Williams, wanda ya zuba maki 40 a karawa ta biyar ta wasan ƙarshe na 2025. George ya tafi Philadelphia a 2024 ba a samu ko sisi a kansa ba.

Na Sacramento ya fi wuyar karewa. Ba ta da gwanin da ake yi wa gaggawa, ba ta kusa da kofi, kawai ta gaji da jira ne, domin rabonta da wasannin fidda gwani tun 2006. Sabonis ya taimaka ta shiga a 2023, aka fitar da ita a zagayen farko, shi ke nan. Ta sayar da Haliburton, yaron da za a gina ƙungiya a kansa, domin ta kai matsakaicin matsayi. Wannan shi ne irin cinikin da ya fi yawa kuma ya fi muni, ba a cika maganarsa ba ne don ba a yin sa da manyan sunaye.

Wanda ya nuna yadda ake yin abin da kai shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, a can ya fara ƙwallon kwando. Ya zauna a kujeru biyun duka. A 2011 yana Denver, Carmelo Anthony ya nace sai ya tafi, Ujiri ya sayar da shi ga New York ya karɓi matasa da gurabe, ciki har da damar musanya a 2016 wadda da ita Denver ta ɗauki Jamal Murray. A 2018 kuma yana Toronto shi ne mai saye. Ƙungiyarsa ta ci wasa 59 a kakar, amma Cleveland ta share ta huɗu ba ko ɗaya, shekara biyu a jere. Ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka ba shi kyautar gwarzon koci, sannan ya ba San Antonio DeMar DeRozan, wanda ya yi kaka tara a Toronto kuma birnin ke ƙauna, ya karɓi Kawhi da Danny Green. Caca ce babba: Kawhi wasa tara kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwo, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma kowa ya san hankalinsa yana Los Angeles.

Amma dubi abin da ya bayar daga ɓangaren yara. Jakob Poeltl ɗaya, da gurbi ɗaya na shekara mai zuwa, wanda ya gindaya wa sharaɗi cewa idan ya faɗo cikin ashirin na farko ba za a karɓa ba. Ya riƙe Pascal Siakam, ɗan Kamaru haifaffen Duwala, ya riƙe OG Anunoby da Fred VanVleet. Siakam, wanda aka zaɓa na 27, shi ya ci kyautar wanda ya fi kowa ci gaba a kakar, ya kuma zuba maki 32 a karawar farko ta wasan ƙarshe. Toronto ta doke Golden State huɗu da biyu a 2019, kofin farko da ya tsallaka iyakar Amurka. An samu sa'a, babu musu: ƙwallon da Kawhi ya jefa wa Philadelphia a daƙiƙar ƙarshe sai da ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, kuma Durant da Klay Thompson duk sun ji ciwo a wasan ƙarshe. Kawhi ya tafi bayan kaka ɗaya kamar yadda aka yi tsammani. Sai dai da ya tafi gidan bai rushe ba, a kakar da ta biyo baya Toronto ta ci wasa 53. Ko da cacar ba ta ci ba, abin da za a yi asara an san iyakarsa tun ranar sa hannu.

Sanin wanda za a riƙe shi ne rabin aikin, kuma babu wanda ya kai ƙungiyar yaro damar saninsa, tunda ita ke ganinsa a wajen atisaye kullum. A 2014, kafin Cleveland ta samu Love, Golden State ma ta neme shi, Minnesota ta ce sai da Klay Thompson. West, wanda a lokacin yake ba Golden State shawara, yana cikin waɗanda suka ƙi. Thompson ya zauna ya ci kofi huɗu. Ɗan wasa ɗaya, kaka ɗaya, wata ƙungiya ta saya ta yi daidai, wata ta ƙi saya ta yi daidai, domin Cleveland tana da ɗan shekara 29 da ba zai jira ba, Golden State kuwa taurarinta duk lokacinsu bai zo ba tukuna.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ke sa hannu ba shi ne zai biya bashin ba. Manajan da aka ba shekara biyu ya kawo sakamako ko a kore shi, gurbin shekara ta bakwai ba damuwarsa ba ne, wani ne zai gaji wannan. Koci ma ya fi son tsohon hannu da ya san inda zai tsaya a tsaro, a kan yaron da zai yi ta kuskure a gaban jama'a. Sabon mai ƙungiya kuwa yana son a san ya iso, kamar yadda aka gani a Brooklyn, aka kuma sake gani a Phoenix, inda aka ƙulla cinikin Durant kwanaki kaɗan bayan Mat Ishbia ya karɓi ƙungiyar. Idan ka ji an ce ƙungiya ta zuba duk abin da take da shi, ka fara tambayar wa ke cikin matsi.

Yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara karkata ma'auni zuwa ga yara. Ƙungiyar da albashinta ya haura wani mataki na sama yanzu ba tara kawai take biya ba, ana hana ta haɗa albashin mutum biyu don karɓo mai tsada, ana kuma ɗaure mata gurbinta na can gaba. Boston, shekara ɗaya bayan cin kofi, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis domin ta sauko ƙasa da wannan mataki. Tara manyan albashi uku a gida ɗaya, irin na 2007, ya fi wuya a yau, kuma yaro mai arha da ya iya wasa ya fi daraja fiye da kowane lokaci a baya.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a daina ba. Love yana da shekara 25 lokacin da aka saye shi, Davis 26, Kawhi 27, Garnett na farko 31, kuma kowannensu ya tarar da ƙungiyar da ko dai tana da babban gwani a ƙasa ko tana bakin ƙofar wasan ƙarshe. Waɗanda suka ƙone kuwa sun sayi masu shekara 34 zuwa 37, ko sun saya ba su da kowa a gida, ko sun ƙara da guraben shekarun da ba su san yadda za su kasance ba. Ƙungiyar da ke da gwani a ganiyarsa ta ba da yaro ɗaya, ko da zai zama tauraro a wani wuri, ba ta yi laifi ba. Wadda ta ba da gurabe huɗu ko biyar ba sharaɗi domin mutumin da ya haura talatin, ko ta ci wasa 60 a kakar farko, cinikin banza ta yi.